Iskar Da Ke Sanyaya Randa Ita Ke Fasa Dunduniya

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta, ko ta Bichi, da rani, ya san irin ƙasar da mu ke magana a kanta. Gona na haɗe da gona, ƙauye na hangen ƙauye, da wuya ka ga saurar da aka bari ta huta. A ƙasa irin wannan kwabo ba ya samuwa sai da gumi, saboda haka abin da talaka zai saya don amfanin yau da kullum ya cancanci a zauna a yi shawara a kansa. Abu uku mu ke so mu duba: abin ajiye cefane kada ya lalace, da kayan tafiyar ƙasa, da man shafawa. Mai karatu zai ce me ya haɗa su? To, abu guda ne, watau busasshiyar iskar ƙasarmu. Wanda ya fahimci halinta ba za a yi masa wayo a kanti ba.

Halinta kuwa shi ne, kome ta taras da laima sai ta shanye. Ruwa kuma ba ya tashi ya bi iska sai ya kwashi zafi daga jikin abin da ya bari. Don haka ne mutum ya kan ji sanyi in iska ta buga shi yana cikin zufa, don haka ne kuma ruwan randa ya fi na jarka sanyi, ko da a ɗaki ɗaya su ke. Randa tana da ƙofofi ƙanana waɗanda ido ba ya gani, ruwa na tsatsafowa ta cikinsu, iska na ɗauka, zafi na bin sa. Jarka kuwa ba ta tsatsafo, sai ta riƙe zafinta.

Kakanninmu sun daɗe da sanin aikin randa. Amma wanda ya mai da wannan sani abin ajiye kayan lambu, har duniya ta ji, maƙwabcinmu ne, marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Dutse, cikin Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Jihar Kano a 1991. Ɗan gidan magina tukwane ne. Wajen 1995 ya shiga gwada tukunya cikin tukunya, da ya ga abin ya yi kyau ya sa aka gina dubbai da kuɗin aljihunsa, ya raba wa ƙauyuka. A shekarar 2000 kamfanin agogo na Rolex ya ba shi kyautar dala 75,000 saboda wannan aiki, dabarar kuma ta bazu har Sudan, inda a ke kiranta zir.

Yinta ba wuya. A sami tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama. A zuba yashi a gindin babbar, a sa ƙaramar a ciki, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa shi sharaf. A zuba kayan lambu cikin ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a aje a inuwa inda iska ke ratsawa. Sa'an nan a riƙa ƙara wa yashin ruwa safe da yamma. A gwajin da aka bayar da labarinsa lokacin kyautar, gautan da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da barkono sun yi mako 3, alayyafon da ba ya wuce yini guda ya yi kwana 12.

Ku dubi abin da wannan ke nufi ga mai lambu a gefen madatsar ruwan Tomas, ko ta Watari a ƙasar Bagwai. Wanda kayansa za su ruɓe gobe ba shi da bakin ciniki, abin da dillali ya taya shi ne kuɗi. Wanda ya iya jira mako guda kuwa, shi ma sai ya yi magana. Akwai kuma abin da ya shafe ku kai tsaye, ku malaman makaranta. Bah Abba ya lura yarinyar da a ke ɗora wa talla kullum, don kada kaya su kwana su lalace, ita ce kujerarta ke zama wofi a aji. In kaya na iya kwana, hujjar hana ta zuwa makaranta ta ragu.

Kada a ce mun yabi abu mun ɓoye aibinsa. Da damina, sa'ad da iska ta ƙoshi da laima, tukunyar ba ta yin sanyi sosai, gama iskar ba ta da ƙishirwar da za ta sha. Ba ta ƙanƙara, ba kuma a ajiye ɗanyen nama ko maganin allura a cikinta. Wanda Allah ya hore wa firiji da wutar da ba ta yankewa, ko mai aiki da hasken rana, madalla. Amma sayen firiji a unguwar da wuta ba ta zuwa, sayen akwati ne da tsada. Lokacin da zafi ya fi tsanani, watau Maris da Afrilu, sa'ad da ma'aunin zafi kan kai digiri 40 a Kano, a lokacin ne kayan lambu ke cika kasuwa, a lokacin ne kuma tukunyar ta fi aiki.

Mu koma ga matafiyi. Turawa su kan yi tafiyar ƙasa don nishaɗi, har suna da kantunan da ba a sayar da kome sai kayanta. Mu a nan ba nishaɗi ba ne, larura ce: zuwa gona, zuwa kasuwar ƙauye, zuwa makarantar da ke bayan gari. Fataken da su ka riƙa zuwa Gwanja sayen goro a ƙasa sun san kayan tafiya tun kafin a buɗe waɗannan kantuna. Salkarsu ta fata tana sanyaya ruwa ta hanyar nan da randa ke yi. Malfa tana tare rana, iska kuwa na shiga ta saƙarta. Takalmin fata na barin zufa ta fita. Baturen nan na Jamus, Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa takalman Kano na cikin hajar da a ke kai wa ƙasashe masu nisa. Yau mun koma ga rufaffen takalmin roba, wanda ke tara gumi ya dafa ƙafa ya ta da bororo. In ba salka, to, a naɗe gorar roba da jiƙaƙƙen buhun algarara, a rataya ta inda iska za ta buga, za a ga bambanci. Matafiyi kuma ya tuna iskar da ke shan ruwan salka tana shan na jikinsa, ya riƙa kurɓa tun ƙishirwa ba ta kama shi ba.

Nan ne maganar fata ta shigo. Abin da iska ke yi wa randa shi ta ke yi wa jikin mutum da hunturu, sai dai a nan ɓarna ce: kaushi, da faso, da tsagewar leɓe. Mai ba ya ƙara wa fata ruwa, aikinsa shi ne ya toshe hanya kada wanda ke ciki ya tsere. Saboda haka lokacin shafa shi ne bayan wanka, tun jiki da sauran laima. Man kaɗanya ya isa wannan aiki. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan ƙwaran kaɗanya, masana'antun Turai kuwa suna sa man cikin cakulan da mayukan da su ke maido mana a kwalabe masu ado. A watan Agusta na 2025 Gwamnatin Tarayya ta tsai da fitar da ɗanyen ƙwaran na wata 6, don a riƙa sarrafa shi a gida.

Abin baƙin ciki, man da ke jan 'yan mata yanzu ba na kaushi ba ne, na sauya launi ne. Baƙin da Allah ya sa a fatarmu shi ne laimar da ke kare ta daga rana. Waɗansu mayukan nan suna ɗauke da zaiba, wadda ke lalata ƙoda, waɗansu kuma da magungunan da ke sa fata ta yi sirara har ciwo ya ƙi warkewa. A 2023 hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna ta bayyana al'amarin da cewa ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Macen da ke yini a rana wajen roron gyaɗa ko ɗiban ruwa, in ta kankare wannan kariya, da kuɗinta ta sayi cuta.

To, ga roƙonmu. Malamin makaranta ya sayi tukwane biyu, ya haɗa a gaban yara, ya sa tumatir a ciki, ya bar waɗansu a faranti, su riƙa dubawa kullum suna rubutawa. Gani ya kori ji, darasin kimiyya kuwa bai fi haka ba. Ma'aikatan ƙananan hukumomi, waɗanda su ka gaji aikin En'e tun gyaran 1976, su nemi maginan tukwane na yankinsu, su nuna musu girman da a ke bukata, don sana'ar ta farfaɗo. Ma'aikacin lafiya ya yi wa mata bayanin mai a ranar awo.

Ba mu ce a ƙi sabon abu ba. Cewa mu ka yi, kafin ka zare kuɗi ka tambayi kanka: yaya abin nan ke aiki, zai yi aiki a ƙauyenmu, in ya lalace wa zai gyara? Wanda ya ci waɗannan tambayoyi a saye shi, ko daga ina ya fito. Jama'a kuwa ido su ke sa wa mai ilmi. In sun ga malam ya aje tukunya cikin tukunya a zaurensa ba ya jin kunya, gobe za a gan ta a gidan mai unguwa. Allah ya sa mu gane.