Rikicin Tera a Pokémon: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Zagaye 54 muka yi da wani ɗan wasa da ban sani ba a shafin Pokémon Showdown, ina kwance da wayata bayan na tashi daga aiki. Tun wajen zagaye na 10 wasan yake hannuna. Na kashe masa dodanni biyar, ni kuwa ina da sauran uku, cikinsu har da Great Tusk, wanda na yi ta lallaɓa shi duk da jininsa ya kusa rabi, don na san abin da ke jirana a ƙarshe. Ya fito da Kingambit. Duk wanda ya saba da wasan ya san lissafin: Kingambit nau'in Duhu da Ƙarfe ne, bugun nau'in Dambe yana yi masa illa ninki huɗu, Great Tusk kuma ɗan dambe ne. Na danna Close Combat ina murmushi. Sai ga Kingambit ya yi walƙiya ya koma nau'in Masu Tashi. Bugun da ya kamata ya raba shi biyu ya zama shafa, shi kuma ya ninka ƙarfinsa da Swords Dance, ya bi dodannina uku ɗaya bayan ɗaya ya kwantar. Minti 25 na tsari suka tafi a dannawa guda.

Ba kukan faɗuwa na zo yi ba, na sha faɗuwa a wannan wasa kuma zan ƙara. Magana ce a kan dabarar da ake kira Terastallization, wadda 'yan wasa ke taƙaitawa da Tera, da yadda masu tsara dokokin gasa suka yi ta kewaye-kewaye a kanta.

Ga wanda bai san wasan ba, abin da sauƙi. Kowane ɗan wasa yana shiga da dodanni shida, kowane dodo yana da nau'i ɗaya ko biyu daga cikin nau'o'i 18. Ruwa yana cin Wuta, Wuta tana cin Ciyawa, Lantarki ba ya taɓa nau'in Ƙasa ko kaɗan. A kowane zagaye ku biyun kuna zaɓar abin da za ku yi a lokaci guda, ba wanda ya ga na ɗan'uwansa. Kamfanin Game Freak na ƙasar Japan kan ƙirƙiro sabuwar dabara duk bayan shekara uku: Mega a 2013, bugun Z a 2016, Dynamax a 2019, sai Tera da ta zo da Pokémon Scarlet da Violet a Nuwamba 2022. Tera tana ba ka dama sau ɗaya a wasa ka sauya nau'in dodonka zuwa wanda ka zaɓa masa tun a gida. Yana riƙe ƙarin ƙarfin da yake samu daga nau'insa na asali, ya ƙara da na sabon, rauninsa kuma ya koma na sabon kacokan. Abokin karawarka ba ya ganin nau'in da ka zaɓa, bai kuma san wane dodo cikin shida za ka sauya ba, balle a wane zagaye.

Da yawa daga cikin masu fafatawa dodo ɗaya da dodo ɗaya a intanet suna bin dokokin Smogon, wata al'ummar 'yan wasa ta sa-kai da ta kafu a 2004. Babban rukuninsu shi ake kira OU, dodon da ya fi ƙarfin rukunin kuma akan kore shi zuwa Ubers. A ƙarshen 2022 Smogon ta gurfanar da Tera gaban ƙuri'a. Ba kowa ke zaɓe ba, sai wanda ya hau tsanin gasa ya kai wani mataki. Zaɓuɓɓukan sun haɗa da haramta ta gaba ɗaya, ko bayyana nau'in Tera na kowane dodo kafin a fara wasa, ko a ware dodo ɗaya tak a tawaga ya zama shi ke da ikon sauyawa, ko a taƙaita sauyin ga nau'in da dodo ke da shi dama. Amma kafin a kai nan sai kashi 60 cikin 100 sun yarda a ɗauki mataki. Da sakamako ya fito a Janairu 2023, masu son a yi wani abu sun haura kashi 59, ba su kai 60 ba. Ƙasa da kashi ɗaya ya rage. Aka bar Tera yadda take, ba a taɓa ko gashinta ba.

Me ya biyo baya? Korar dodanni. Espathra ya tafi, domin dodannin Ƙarfe da Duhu da ya kamata su tare shi ba sa iya tsayawa idan ya sauya nau'i ya kawo musu bugun da suke tsoro. Regieleki, wanda ya fi kowane dodo gudu, ya yi zamansa lafiya a zamanin Sword da Shield saboda ko wane dodon Ƙasa yana tare lantarkinsa. Da aka buɗe masa ƙofa ta Pokémon HOME a ƙarshen Mayu 2023, ya koma nau'in Ƙanƙara, ya riƙa narkar da masu tare shi da Tera Blast, ba a yi mako ba aka sallame shi. Wanda ya fi ba ni takaici shi ne Volcarona. Tun 2010 ake fafatawa da wannan ƙwaro mai wuta, kowa ya san maganinsa: ka jefe shi da Dutse, ko ka ajiye masa Heatran. Tera ta zo, Volcarona ya koma nau'in Ƙasa ya binne Heatran, ko ya koma Ruwa, ko Ciyawa, ko Aljana, kai kuma kana zaune kana duba. A Yuni 2023 aka kore shi, aka dawo da shi a ƙarshen shekarar, aka sake korarsa a 2024. Volcarona bai canza ba. Ƙarfinsa na da ne, rawarsa ta Quiver Dance ta da ce. An bar jaki ana dukan taiki.

Ni rubuta manhaja ne aikina, kuma na san wannan cuta a wurin aiki. Akwai wani sashe na kod da ke fitar da amsa marar tabbas, sassa goma kuma suna dogara da shi. Na farko ya lalace, aka yi masa faci. Na biyu ya lalace, aka cire shi. Na uku, aka rubuta gargaɗi a samansa. Kowa a ofis ya san inda ɓarakar take, amma sashen nan shi ne abin da aka yi talla da shi, don haka ba mai son taɓa shi. Wata shida sai ka tarar facin ya fi taya yawa. Ɗalibin da ya yi zango biyu a sashen kwamfuta zai gaya maka a koma tushe.

Abin haushin, Smogon ta san wannan darasi, ta kuma yi aiki da shi a wannan zamanin na Scarlet da Violet. Da farko an kori Cyclizar saboda dabarar Shed Tail, wadda ke ba wani dodo garkuwa ya shigo fili ba tare da an taɓa shi ba. Sai Orthworm ya ɗauki dabarar ya ci gaba da ɓarna. Nan aka gane ba dodon ba ne, aka haramta Shed Tail, aka dawo da Cyclizar. Haka aka yi da Houndstone: an kore shi, da wani dodon ya zo da bugun Last Respects sai aka haramta bugun aka saki Houndstone. Dodanni biyu sun isa hujja a can. A kan Tera kuwa an jera fiye da haka, ana cewa kowanne laifinsa daban.

Abin da nake nema ba haramci ba ne. Na ga abin da aka yi wa Dynamax a Disamba 2019, wata guda bayan fitowar wasan, kuma na goyi baya, domin dabarar da ke ninka jinin dodo na zagaye uku tana ƙara masa ƙarfi da kowane bugu ba ta da gyara. Tera ba haka take ba. Tana da amfani na gaske wajen kare kai: idan tawagarka ba ta da maganin wani dodo, Tera na iya zame maka ƙofar tsira, kuma ta ɗaga dodanni da yawa da aka manta da su. Sanin lokacin da za ka kashe damarka guda ɗaya, da iya tilasta wa abokin karawa ya ƙona tasa da wuri, gwaninta ce babba. Ina son a bar wannan. Ɓoyon nau'in ne nake so a cire. A nuna nau'in Tera na dodanni shidan a allon da ake nuna tawaga kafin wasa, shi ke nan.

Mu koma kan Kingambit ɗin da ya kwantar da ni. A zagayen nan ina da bugu huɗu. Idan bai sauya ba, Dambe ko Ƙasa ne daidai. Idan Masu Tashi zai koma, Ƙanƙara ce daidai, Ƙasa kuwa ba za ta taɓa shi ba. Idan Fatalwa ne, Dambe zai wuce ta jikinsa kamar iska, sai Knock Off. Idan Aljana ne, Ƙasa. Idan Wuta ne, Ƙasa kuma. Duk waɗannan ana amfani da su, kuma babu abin da ya faru a zagayen da suka gabata da zai nuna mini wanne ne, tunda Kingambit bai leƙo fili ba sai a ƙarshe. Da an nuna mini Masu Tashi tun farko, da na san Great Tusk shi kaɗai ba zai isa ba, da na adana mai Lantarki maimakon in sadaukar da shi a zagaye na 40. Har yanzu akwai canki: zai sauya yanzu ko sai gaba? Amma canki tsakanin abu biyu da na shirya musu daban yake da canki tsakanin biyar da ban gani ba.

Masu kare ɓoyo suna cewa ai wasan dama cike yake da ɓoyayyun abubuwa, ba ka ganin bugun abokin karawa, ba ka ganin kayan da dodonsa ke riƙe da shi. Gaskiya ne. Pokémon ba dara ba ce da komai ke shimfiɗe a ƙasa, tana da jinin karta. Sai dai waɗancan sirrika ana tono su cikin wasa. Ka ga dodo ya riga ka bugu alhali bai kamata ba, ka san yana ɗaure da Choice Scarf. Ka ga yawan jinin da bugunka ya ɗiba, ka lissafa yadda aka horar da shi. Kowane zagaye yana ƙara maka sani. Nau'in Tera ba ya barin sawu. Lokacin da ka gan shi shi ne lokacin da ya gama aikinsa. Suna kuma cewa gwani yana iya hasashen nau'in daga tsarin tawaga. Wani lokaci haka ne, amma gwanin da ke ɗaya ɓangaren ya san abin da za ka hasasa, sai ya zaɓi wani. Mun dawo gidan jiya.

Akwai kuma masu cewa Smogon ba ta son dokar da ba za a iya bi a na'urar Nintendo Switch ta ainihi ba. Wannan ƙa'ida ce mai kyau, ita ce ma ta sa a Janairu 2024 aka jefar da tsohuwar dokar barci, wadda sai an taɓa injin wasan take aiki, aka haramta bugun sa barci kai tsaye. To amma bayyana Tera ba ya buƙatar a taɓa injin komai. Takarda ce da biro. Ba ma ni na ƙirƙiro ba: gasar hukuma ta VGC, wadda kamfanin Pokémon da kansa ke shiryawa, a 2023 ta fara sa 'yan wasa su yi musayar takardar tawaga kafin karawa, ɗauke da bugu da kaya da nau'in Tera. Da wannan tsari aka buga gasar duniya a Yokohama a 2023 da ta Honolulu a 2024. Na san VGC dodanni biyu-biyu ake fitarwa, yanayinta daban. Amma idan masu wasan da kansu suka ga ya dace a buɗe takarda a inda ake cin kuɗi da kofi, da wane dalili mu za mu fi su riƙon sirri? Haka aka yi ta kururuwa lokacin da Black da White suka kawo nuna tawaga kafin wasa, wai an kashe mamaki. Yau wa zai yarda a koma shiga fili ido rufe?

Zan yarda da abu ɗaya, don kada a ce na ɓoye. Bayyana nau'i ba zai dawo da Regieleki ba. Kowa ya san Ƙanƙara zai koma, sanin bai hana shi kisa ba. Matsalarsa Tera Blast ce, bugun da ke ɗaukar duk nau'in da dodo ya sauya zuwa gare shi, wanda kusan kowane dodo ke iya koya. Wannan bugu shi ya rushe tsohuwar yarjejeniyar wasan, cewa dodo mai ƙarfi ana daidaita shi ta hanyar hana shi wasu nau'o'in bugu. Idan an bayyana nau'i aka ga har yanzu ana ɓarna, Tera Blast ce ta gaba a layi, kuma hanyar da aka bi da Shed Tail tana nan ba ta toshe ba. Mataki ɗaya, a auna, sannan na biyu. Haka muke sakin gyara a manhaja, ba ma tura canji biyar rana guda mu rasa wanda ya yi aiki.

Wanda ba zan karɓa ba shi ne a ce ƙuri'ar Janairu 2023 ta rufe magana. An kaɗa ta wasan bai cika wata biyu ba, kafin HOME, kafin ƙarin dodannin da suka zo a Satumba da Disamba na shekarar, kafin mutane su gano rabin abin da Tera ke iya yi. Ko a ranar ma masu son gyara su ne mafi rinjaye. Tsarin zaɓen kuma ya haɗa mai son haramci da mai son gyara kaɗan a kwando ɗaya, har wasu da ke son a bayyana nau'i suka ji tsoron cewa "a ɗauki mataki" don kada haramci ya yi nasara a zagaye na biyu. Duk wanda ya taɓa tsara fom na tambayoyi ya san yadda jerin tambaya ke juya amsa. A sake tambaya, guda ɗaya, ba haɗe da komai ba: a nuna nau'in Tera kafin wasa, e ko a'a. A buɗe tsani na gwaji na mako biyu da dokar a kunne, kamar yadda ake yi wa kowane dodo da ake tuhuma, masu ƙuri'a su buga su gani da idonsu. Showdown ta riga tana da wannan doka a cikin kod ɗinta, layi ɗaya ne za a ƙara a jerin dokokin OU.