Ƙwayar da muke kashe mata da ita a labaranmu, ko sunanta ba mu sani ba

Muƙalar wannan makon za ta taɓa inda yake mana ƙaiƙayi, kuma mun san akwai waɗanda ransu zai ɓaci. A daure a karanta zuwa ƙarshe kafin a ɗauko mana sanda.

Akwai wata fitowa da ta zame mana gishirin miya. Ku buɗe labaran da ke yawo a WhatsApp da Wattpad, da wuya ku yi nisa ba ku ci karo da ita ba. Ko dai kishiya ta jefa wata ƙwaya a kunun amarya, ko saurayi ɗan masu kuɗi ya miƙa wa budurwa ƙullin magani a cikin mota. Shafi na gaba jini ya ɓalle. Na bayansa likita ya fito yana share gumi, ya ce sai haƙuri, ta rasu, ko kuwa mahaifarta ta lalace, ita da haihuwa har abada. Daga nan mu rufe babin da wa'azi, mu kwanta muna jin mun yi aikin lada.

To, tsakaninmu da Allah, mene ne sunan wannan ƙwayar? Me take yi a jiki? Wace alama ce ke nuna mace ta shiga haɗari? Yawancinmu ba mu da amsa. Mun kwafo ne daga wanda shi ma kwafowa ya yi. Muna iya kwana muna binciken sunan motar jarumi da turaren da yake fesawa da otal ɗin da zai sauka a Dubai, amma idan aka zo kan jikin mace da ranta, sai mu ce a rubuta kawai, wa zai bincika? Wannan sakaci ne, kuma sakacin yana da farashi, domin 'yan mata da matan aure da yawa daga labaranmu suke samun abin da suka sani game da ciki da ɓari.

Bari mu fara da abin da ya kamata kowannenmu ya sani kafin ya taɓa wannan fitowar. Magunguna biyu ne likitoci ke nufi idan suna maganar kawo ƙarshen ciki da ƙwaya. Na farko mifepristone, wanda aka ƙirƙiro a Faransa, aka amince da shi can a 1988, Amurka kuma a 2000. Aikinsa toshe sinadarin jiki da ke riƙe ciki. Na biyu misoprostol, wanda asalinsa maganin kare mutum daga gyambon ciki ne. Shi yake sa mahaifa ta tsuke tana murɗawa, bakinta ya yi laushi, abin da ke ciki ya fito. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya haɗin biyun a jerin muhimman magungunanta tun 2005.

Ga inda jahilcinmu ya fi yin ɓarna. Wannan misoprostol ɗin da muka mayar gubar kishiya, shi ne ungozomar asibiti ke bai wa mai jego don tsayar da zubar jini bayan haihuwa, wanda yana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata a ƙasar nan. Najeriya ta yi masa rajista don wannan aikin tun 2006. Ya dace da karkararmu domin ƙwaya ce, ba ya buƙatar allura ko firij. Shi ne kuma ake bai wa matar da ta yi ɓari amma cikin bai fita duka ba, sau da yawa ya hutar da ita daga wankin ciki. Idan muka shekara muna koya wa mai karatu cewa duk ƙwayar da ta taɓa mahaifa kisa ce, ranar da malamar asibiti ta miƙa wa ƙanwarta ita a ɗakin haihuwa, me muke zaton za ta yi?

Kada kuma wani ya ɗauka muna cewa alewa ce. Haɗarinta na gaske ya fi wanda muke ƙirƙira ban tsoro. Idan cikin a wajen mahaifa ya zauna, ƙwayar ba ta yi masa komai, yana nan yana girma har jijiyar ta fashe, jini ya taru a ciki ba a gani. Idan wanda bai san aikin ba ya bai wa mai tsohon ciki don naƙuda ta yi sauri, mahaifa na iya tsagewa, musamman ga wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa. Ga jabun magani, ga mai kemis da bai tambayi watannin cikin ba balle ya ce a je a yi hoto. Alamomin da ke cewa a ruga asibiti kuwa sanannu ne: jinin da ke jiƙa auduga biyu cikin awa ɗaya har awa biyu a jere, zazzaɓin da ya wuce kwana ɗaya, ruwa mai wari, jiri ko suma, da matsanancin ciwon mara, musamman ta gefe ɗaya. A labarai nawa muka taɓa ganin ɗaya daga cikin waɗannan?

Sai doka da addini, waɗanda su ma da ka muke rubuta su. A Arewa, sashe na 232 na dokar Final Kod ya haramta zubar da ciki, hukuncinsa na iya kaiwa ɗaurin shekara 14, sai fa idan an yi ne don ceton ran uwar. A 2018 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da ƙa'idojin yadda likitoci za su yi aiki da wannan togaciyar. Mazhabar Malikiyya da muke bi tana cikin mafi tsanani a wannan babin, wasu malaman Hanafiyya sun sassauta kafin kwana 120 idan akwai uzuri, kuma malamai sun yi bayani mai yawa kan fifita ran uwa idan likitoci suka tabbatar cikin zai halaka ta. Wanda ya kai labarinsa zangon Accra ya sani dokar Ghana tun 1985 ta yarda a wasu halaye, kamar fyaɗe. Wanda ya kai shi Kwatano ya sani Jamhuriyar Benin ta faɗaɗa dokarta a 2021. Amma abin da muka fi so kowa ya riƙe shi ne wannan: kula da macen da ke zubar da jini bayan ciki ya fita ba laifi ba ne a Najeriya, ko ɓari ne ko wani abu ne ya jawo. Maganin iri ɗaya ne, kuma aikin asibiti ne ya ba ta.

Yanzu mu dubi abin da fitowar nan tamu ke shukawa. Ɓari abu ne da ya zama ruwan dare, kusan ciki ɗaya zuwa biyu cikin goma da aka san da su yakan zube da kansa, yawanci a watanni ukun farko. Mu kuwa mun koya wa jama'a cewa ciki ba ya zubewa sai da hannun wani. Shi ya sa amarya na yin ɓari, ido ya koma kan uwargida. Mun kuma koya musu cewa rashin haihuwa hukuncin tsohon zunubi ne, alhali abin da ke lalata hanyar haihuwa shi ne ciwon da ya shiga mahaifa aka bar shi ba magani, ko cushe-cushen ƙarafa da haɗe-haɗen da ba a san kansu ba. Baiwar Allah da ta shekara goma tana jiran rabo, mun ƙara mata zargi a kan jarrabawarta. Mafi muni, yarinyar da jini ke zuba mata a ɗaki ta riga ta karanta a wurinmu cewa asibiti wurin tonon asiri ne, kuma ƙarshenta mutuwa ko ta je ko ba ta je ba. Sai ta ja bargo ta yi shiru. Wannan shirun ne ke kai ta kabari.

Ba ƙaramin al'amari muke wasa da shi ba. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mata kusan 82,000 suka mutu a Najeriya ta dalilin ciki da haihuwa a 2020, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Cibiyar Guttmacher ta ƙiyasta an zubar da ciki kusan miliyan 1.25 a ƙasar a 2012, duk da haramcin. Kuma ba duka 'yan matan da muke zanawa ba ne. Akwai matan aure, akwai mai goyo da ciki ya shige ta ba shiri, akwai wadda aka yi wa fyaɗe.

Mun san abin da za a ce: kuna tallata ɓarna, kuna buɗe wa yara ido. Amsarmu ita ce, babu wanda ya ce a mayar da labari takardar likita, a jera adadin ƙwaya da yadda ake sha. Wannan ba aikinmu ba ne, kuma ba mu halatta abin da Allah Ya haramta ba. Amma idon yaran a buɗe yake tun da waya ta shiga hannunsu. Abin da ya rage shi ne ko su ji gaskiya daga mai tausayinsu, ko su ji ƙarya daga mai neman kuɗinsu. Wa'azin da aka gina a kan ƙarya kuwa, ranar da mai karatu ta gano ƙaryar, da wa'azin da mai wa'azin duka take watsarwa.

Kuma ina namijin? A labaranmu ita ce ke mutuwa, shi kuwa ya yi nadamar shafi biyu, ya je Umara, ya dawo ya auri ƙanwar jaruma. Idan da gaske tarbiyya muke nema, me ya sa alƙalaminmu bai taɓa bin sa gida ba?

Abin da muke roƙo ba shi da wuya. Kafin mu rubuta wannan fitowar, mu sami ungozoma ko likitar mata mu zauna da ita ko na rabin awa ne. Mu tambayi malamin fiƙihu na gaske. Mu rubuta uwar da ta ga 'yarta cikin jini ta fara neman abin hawa kafin ta fara tuhuma. Mu rubuta malamar asibitin da ta sa ƙarin ruwa ba ta tsaya gori ba. Mu rubuta ɓarin da ɓari ne kawai, uwargida ta kwana tana jinya babu wanda ya zarge ta. Mu rubuta yarinyar da ta yi kuskure, ta rayu, ta tuba, domin ƙofar tuba ba a hannunmu take ba balle mu rufe ta.

Duk wanda ke da irin wannan babin a rubutun da bai saki ba, ya koma ya sake karanta shi a matsayin yarinya 'yar shekara 17 da ke cikin tsoro da tsakar dare. Idan ta gama karantawa, asibiti za ta nufa ko bargo za ta ja? Idan bargo ne, a sake rubuta babin.

Allah Ya sa alƙalumanmu su zama hujja a gare mu, Ya sauki masu ciki lafiya.