An naɗa Hausa sarauta, marubucinta yana tsaye a rana

A watan Maris na 2025 aka rubuta cikin kundin sake gina ƙasa cewa Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. An yi tafi, an yi guɗa. To, jama'a, matashin Maraɗi ko na Tawa da ya cika kaye uku da labari cikin Hausa, ƙofar wa zai ƙwanƙwasa a buga masa littafi?

Ba yau aka fara yi masa alkawari ba. Tun 1973 aka buɗe lakol ɗin gwaji ta farko a Damagaram, inda ake koyarwa da Hausa. A 2001 doka ta amince da harsunan ƙasa guda goma. Shekara hamsin da ɗoriya ana gwaji! Ita kuwa maɗaba'a ba ta cin doka, takarda da tawada take ci.

Abin da lakol ta cusa wa wannan matashi shi ne, marubuci sai wanda Paris ta sa wa albarka. Dubi Abdoulaye Mamani: labarin Sarauniya Mangu, wadda ta tari sojan Faransa a Lugu a 1899, da Faransanci ya rubuta shi, a Paris aka buga shi a 1980. Jikokin mayaƙanta nawa ne suka iya karantawa? Ba laifin Mamani ba ne, hanyar da ya tarar ke nan. Laifi yana wuyan waɗanda har yanzu suka ƙi share wata.

A Kano, tun cikin shekarun 1980, matasa suka daina jiran kowa. Suka biya masu maɗaba'a daga aljihunsu, suka kai littattafai kasuwa. Ta haka Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka yi suna, littattafansu suka ƙetaro iyaka har ɗakunan matanmu. Saboda haka kada wani ya ce mana babu masu karatu.

Alhazan Maraɗi, kun san ribar atamfa da ta shinkafa. Littafi ma haja ne. Kuɗin da ake watsa wa maroƙa a biki guda zai buga littafin yaro. Ku kuma ma'aikata, da kuke rantsuwa da harshen uwa a wurin taro, yaushe rabonku da fid da jika guda ku sayi littafin Hausa? Gwamnati kuwa, in da gaske take, ta riƙa sayen littattafan marubutan gida tana kai wa makarantu, ta sauke kuɗin duwan a kan takarda.

Kai kuma matashi, kada ka mai da labarinka Faransanci don neman a san da kai. Haɗa kai da ƴan'uwanka, ku yi adashi, ku buga, ku baje a kasuwa. Mai jiran Yamai ta tuna da shi, furfura za ta riga littafinsa fitowa.