Jwan kulas ba ya ƙonewa da kansa: mu daina ɗora wa bakanike laifi shi kaɗai



Da zarar watan Afrilu ya kama, zafi ya haura digiri 40, duk mai bin hanyar RN1 daga Ƙonni zuwa Maraɗi, ko daga Tasawa zuwa Damagaram, ya san abin da zai gani: Hiace a gefen hanya an ɗage kujerar gaba, tururi na tashi, karen mota ya ruga neman ruwa, fasinjoji da mata masu goyo sun raɓe ƙarƙashin ƙaya. In ka tambaya, amsa ɗaya ce: jwan kulas ya ƙone. Waɗanda suka koyi aiki a Kano su ce gasket. Kuma kusan kullum wanda ake zagi shi ne bakaniken da ya taɓa motar a ƙarshe.

Mu a ganinmu wannan hukunci bai cika adalci ba. Laifin namu ne duka: mai mota, direba da mai garaji.

Shi jwan kulas wani faifai ne siriri da ake shimfiɗawa tsakanin gangar jikin injin da kansa, wato kulas. Aikinsa raba abu uku da ba su shiri: wutar da ke tura fistan, ruwan da ke sanyaya injin, da baƙin mai. In ya fashe, sai su gauraye. Abin da ya fi fasa shi kuwa zafi ne. Kulas na yawancin ƙananan motocin yanzu na alminiyom ne, in ya sha zafi fiye da kima sai ya lanƙwashe kaɗan, ya daina danne jwan daidai. Ke nan ƙonewar jwan alama ce, ciwon yana wani wuri.

Ina ciwon yake? Na farko, ruwan da muke zubawa. Ruwan rijiya da na fanfo suna barin farin dutse a cikin radiyater, irin wanda muke gani a gindin butar shayi, ga kuma tsatsa. A hankali ƙananan hanyoyin ruwa su toshe. Ruwan radiyater na kanti, mai launi, ba don ado aka yi shi ba, yana hana tsatsa, kuma ba ya saurin tafasa.

Na biyu, al'adar nan ta cire tarmosta da zarar mota ta iso, wai ai don ƙasashen sanyi aka yi ta. An ƙera injin ne ya yi aiki a wajen digiri 90. A injuna da yawa, tarmosta ce ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma injin bai ratsa radiyater ba. In ka cire ta, wani kaso na ruwan zai riƙa zagayawa bai huce ba. Ka ga an gudu ba a tsira ba.

Na uku, marfin radiyater. Ƙaramin abu ne mai arha, amma shi ke riƙe matsin da ke sa ruwa ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Mu kuwa in ya lalace sai mu naɗa leda mu ci gaba da tafiya.

Na huɗu, kuma shi ya fi muni: direba na ganin allura ta shiga ja, sai ya ce bari mu lallaɓa mu kai Takeita. Wannan ƴar tafiyar ita ke mayar da gyaran tiyo ya koma gyaran injin. Amma mu faɗi gaskiya, direban da mai mota ke jira da lissafin yini, ga fasinjoji na ta ƙorafin an tsaya, da wuya ya tsaya. Mu fasinjoji ma muna da hannu.

To yaya ake gane jwan ne da gaske? Ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba. Farin hayaƙi mai kauri na fita daga salansa ko bayan injin ya yi zafi, ba ɗan tururin safiyar hunturu ba. In an buɗe radiyater da sanyin injin aka tada mota, kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa. Baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Buji ɗaya ya fito fes kamar an wanke shi, sauran da baƙi. Bakanike na ƙwarai ba ya kwance injin a kan alama ɗaya, sai ya auna matsin kowace silinda tukuna. Kuma don Allah kada kowa ya buɗe marfin radiyater injin na tafasa, ruwan na iya saluɓe fuska.

Yanzu ga kason masu garaji. Sauya jwan kaɗai ba gyara ba ne. Sai an ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar kulas an auna; a injunan Toyota da dama, lanƙwasar da aka yarda da ita ba ta wuce milimita 0,05 ba, abin da ido ba ya gani. In ta wuce, a kai wa masu injin kankare ƙarfe, a kuma duba ko ya tsage. Ƙusoshin kulas ana ɗaure su ne bi da bi, daga tsakiya zuwa gefe, hawa-hawa, da sifana mai awo, ba da ƙarfin damtse da guntun bututu ba. Wasu ƙusoshin ma miƙewa suke in an ɗaure su, ba a maimaita su. Bayan nan a yi bidanji, a wanke radiyater, a binciko abin da ya kawo zafin tun farko: fanka ce, pompon ruwa ne, ko tiyo?

Wani zai ce duk wannan kuɗi ne, ga kayan gyara sun yi tsada, ga rayuwa ta yi wuya. Gaskiya ne, ba mu musa ba. Amma wanda ya sayi jwan mafi arha a kasuwa, ya hana a kai kulas awo, ya ce a ba shi motarsa yau-yau, shi ne zai dawo bayan wata biyu ya biya aiki sau biyu, in ma bai rasa injin ɗin gaba ɗaya ba. Arha ba ta ado. Bakanike kuma da ya san aikin ba zai riƙe ba, ya faɗa wa mai mota ƙiri-ƙiri, kada ya karɓi kuɗi ya yi shiru.

Kiranmu ga ƙungiyoyin direbobi da shugabannin tasha: kamar yadda ake duba lodi kafin mota ta tashi, a riƙa duba ruwa, marfi da allurar zafi. Motar da allurarta ta mutu kada ta ɗauki mutane a wannan bazara. Ga masu garaji kuma, ko karo-karo ne a yi a sayi sifana mai awo, a koya wa yara aiki da ita. Mu fasinjoji, in direba ya tsaya don injin ya huce, mu yi haƙuri. Minti talatin a inuwa ya fi kwana a daji.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a sana'ar kowa.