Ƙaryar Hanya ta Biyu a Cikin TCP

Akwai wata koyarwa da ta daɗe tana yawo a darussan shirya manhajar sadarwa. Ana gaya wa ɗalibi cewa idan yana da saƙon da ba ya jira, sai ya aika shi da tutar MSG_OOB, wai zai bi ta wata hanya ta daban ya riga sauran bayanai isa. Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma bai kamata malamai su ci gaba da maimaita ta ba.

TCP ba shi da hanya ta biyu. Abin da takardar RFC 793 ta 1981 ta tanada shi ne tuta guda mai suna URG, da wani manuni mai bit 16 a goshin kowane ƙunshi. Aikinsu kawai su sanar da mai karɓa cewa akwai wani wuri a can gaba cikin jerin bayanan da ya kamata ya hanzarta ya kai. Saƙon kansa yana cikin layi, a bayan duk abin da aka riga aka tura. Idan ma'ajiyar mai karɓa ta cika ya rufe ƙofa, sanarwar tana iya ratsawa, amma saƙon zai tsaya tare da sauran. Masu tsara soket na BSD ne suka ciro bayit guda daga cikin jerin, suka ajiye shi gefe, suka laƙaba masa sunan bayanan da ke wajen layi. Bayit guda tak! In wani ya biyo baya kafin a karanta na farko, na farkon ya rasa matsayinsa: wani tsarin ya zubar da shi, wani ya mayar da shi cikin sauran bayanai, inda zai gurɓata su ba tare da kowa ya farga ba.

Ko inda manunin yake nunawa ma ba a daidaita ba. RFC 793 ta faɗi abu biyu masu karo da juna: a wani shafi ta ce bayit na ƙarshe na saƙon gaggawa, a wani kuma ta ce wanda ke biye da shi. RFC 1122 ta 1989 ta yanke hukunci cewa na ƙarshen ne, amma kusan kowa ya yi kunnen uwar shegu ya bi BSD. Sai a 2011 RFC 6093 ta sallama ta bi abin da ake yi a aikace, ta kuma shawarci masu rubuta sabbin manhajoji da su guji wannan tsari. Ga kuma na'urorin tsaro da ke tsakanin kwamfutoci, waɗanda wasunsu ke goge tutar URG a hanya, har saƙon gaggawa ya isa a matsayin bayit na yau da kullum.

Ɓarnar ba ta tsaya a takarda ba. A 1997 wata 'yar manhaja mai suna WinNuke ta riƙa durƙusar da kwamfutocin Windows 95 da NT ta hanyar jefa irin wannan saƙo a tasha ta 139. A 2019 kamfanin Armis ya bayyana ɓaraka 11 a tsarin VxWorks, wanda ke cikin na'urorin asibiti da na masana'antu, kuma da dama daga cikinsu sun samo asali ne daga kuskuren lissafin manunin gaggawa.

Masu kare tsarin sukan kafa hujja da Telnet da FTP, cewa ai da shi suke katse aiki. Haka ne, amma Telnet bai taɓa dogara da bayit ɗin gefe ba. Sanarwar yake amfani da ita ya zubar da abin da ke gaba har ya kai alamar da ke cikin jerin. Wanda ya gaji tsohuwar manhaja irin wannan, ya kunna SO_OOBINLINE domin bayit ɗin ya zauna a gurbinsa, ya nemo wurin da sockatmark, ya kuma tuna cewa siginar SIGURG ba za ta iso masa ba sai ya mallaki soket ɗin da F_SETOWN.

Mai sabon aiki kuwa ba shi da uzuri. Ko dai ya buɗe haɗi na biyu domin umarni kaɗai, ko ya yanka bayanansa ƙananan guntaye masu lamba, yadda umarnin katsewa zai iya kutsawa tsakaninsu, kamar yadda SSH da HTTP/2 suke yi.