Saitama da Usain Bolt: Matsalar Jarumin da Ba a Kayar da Shi



Duk wanda ya kalli One-Punch Man, ɗaya daga cikin finafinan zane na Japan da ake kira anime, ya san Saitama: matashi mai sanƙo wanda ke gamawa da kowane dodo da naushi ɗaya. Wani marubuci mai amfani da sunan ONE ne ya fara sakin labarin a intanet a 2009, Yusuke Murata ya sake zana shi daga 2012, aka mai da shi fim mai dogon zango a 2015. Sirrin ƙarfinsa, a faɗarsa, motsa jiki ne iri uku, kowanne sau 100, da gudun kilomita 10 kullum, har shekara uku. Tun kashi na farko mai kallo ya san babu mai iyawa da shi.

Haka duniya ta yi shekaru tana kallon Usain Bolt na Jamaika. Shi ya cinye tseren mita 100 da na mita 200 a gasar Olamfik sau uku a jere, 2008 da 2012 da 2016. A Beijing ya buɗe hannuwa yana dukan ƙirji tun bai kai ƙarshen layi ba, igiyar takalminsa a kwance, amma ya gama a daƙiƙa 9.69. Shekara guda bayan haka, a Balin, ya yi 9.58, har yau ba a karya ba.

Abin da ya haɗa su, a ganinmu, shi ne dukansu sun kashe tambayar da ta fi kowace riƙe mai kallo: wa zai yi nasara? Kuma mutane ba su daina kallo ba. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin labarai da yawa da ake turowa wannan zaure jarumansu irin su ne. Kyakkyawa ne, ɗan sarki ko ɗan attajiri, ya yi karatu a waje, ya iya faɗa, ga ilimin addini, duk macen da ta gan shi sai ta rikice. Babi 60 ba wanda ya taɓa gaya masa magana ya kasa mayarwa. Sai marubuci ya yi ta mamakin yadda masu karatu suka watse tun a babi na 15.

Ba cewa muke a daina rubuta gwarzo ba. Mutane na son gwani, shi ya sa a da filin wasa ya riƙa cika idan Bolt zai yi gudu. Amma a duba inda tambayar ta koma. A wajen Bolt, agogo ne ya zama abokin karawarsa: zai karya abin da ya kafa ko ba zai karya ba? Saitama ba shi da agogo, sai marubucinsa ya ba shi damuwar da naushi ba ya magancewa. Ya gaji da nasara, ba ya jin komai a zuciyarsa idan ya yi faɗa. Aljihunsa ba nauyi, har a tsakiyar gumurzu hankalinsa na kan ranar da kanti ke rage farashi. Da ya shiga ƙungiyar jarumai, jarrabawar rubutu ta ja shi ƙasa, aka ajiye shi a rukunin C, almajirinsa Genos kuma aka kai shi rukunin S, na ƙoli. Wanda ya fi kowa ƙarfi, kusan ba wanda ya san da shi.

Wurin da ya fi dacewa mu tsaya shi ne kan waɗanda ke gefen gwani. A cikin labarin akwai Mumen Rider, jarumi mai yawo a kan keke, ba shi da wani ƙarfi da ya wuce na mutum. Ya tsaya gaban dodon da ake kira Sarkin Teku cikin ruwan sama, ya san sarai ba zai iya ba, ya kai hari duk da haka, aka yi masa jina-jina. Saitama ya iso ya gama faɗan da naushi ɗaya. Da wani cikin jama'a ya fara zagin jaruman da aka kayar, sai Saitama ya yi ƙaryar cewa su suka raunana dodon, shi cin bulus ya yi, ya ɗauki baƙin jini don mutuncinsu ya tsira. Masu kallo da yawa sun fi tuna mai keken fiye da naushin.

A tseren Balin ɗin nan ma akwai irinsa. Tyson Gay na Amurka ya yi 9.71, gudun da ba wani Ba'amurke da ya taɓa yi kafin ranar, kuma na biyu ya zo. Ku yi tunanin labarin da ke cikin kan mutumin da ya yi mafi kyawun gudun rayuwarsa yana kallon bayan wani. A littattafanmu irin wannan mutum shi ne abokin jarumi, wanda ba a ba shi aiki sai riƙe makullin mota da kai saƙo wajen budurwa.

Akwai abu ɗaya da Bolt ya fi Saitama, wato shi mutum ne, yana iya yin kuskure, yana kuma tsufa. A Daegu ta Koriya ta Kudu, a 2011, ya zabura kafin a harba bindigar fara tsere, aka fitar da shi, ɗan ƙasarsu Yohan Blake ya ci. Ba wanda ya fi shi gudu ranar, shi ya kayar da kansa. A Landan kuma, 2017, a tserensa na ƙarshe na mita 100, ya zo na uku. Justin Gatlin ne ya ci, 'yan kallo na yi masa ihun ƙi, shi kuwa ya je ya durƙusa a gaban Bolt. Bayan kwanaki, a tseren miƙa sanda, tsokar cinyar Bolt ta riƙe yana tsakiyar gudu, ya faɗi a fili bai kai layi ba.