Masu Neman Abinci a Gindin Juji

A wannan fitowa za mu leƙa Dakar, babban birnin Senegal. A gefen birnin, daf da unguwar Malika, akwai wani wuri da ake kira Mbeubeuss. Da can tabki ne. Bayan ya ƙafe sai aka soma zuba shara cikinsa a 1968, har ya zama tsaunin da ya mamaye fili fiye da hekta 100, manyan motoci suna ta juye masa kayansu dare da rana.

Mutane wajen dubu biyu ne ke neman abincinsu a kan wannan tsauni, wasu ma sun kafa bukkoki a cikinsa. Da mota ta juye, sai a rufa mata da ƙugiyoyin ƙarfe, kowa da abin da yake nema: wannan roba, wancan ƙarfe da tagulla, wani kwalabe. Mata da yawa ragowar shinkafa suke tarawa su sayar wa masu kiwo. Akwai dillalai, akwai masu awo, akwai masu tuwo-tuwo. Kasuwa ce sosai, sai dai kasuwar da hayaƙi ba ya barinta, domin ruɓaɓɓiyar shara tana fitar da iska mai kama wuta da kanta. Hayaƙin nan shi ke shiga ƙirjin yara har cikin gidajen Malika, ruwan da ke tsatsowa daga jujin kuma yana gurɓata rijiyoyi, alhali da su ake ban ruwan lambunan kewaye.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sunan da waɗannan bayin Allah suka raɗa wa ƙungiyarsu: Bokk Diom. A harshen Wolof, kalmar ta biyu tana nufin mutunci da zuciyar ƙin wulaƙanci. Mutumin da jama'a ke toshe hanci in ya gifta, shi ne ya zaɓi ya tona bola maimakon ya miƙa hannu. Mu ma muna da irinsu, ƴan jari-bola da buhu a kafaɗa. Uwargida da ta cusa fasasshiyar kwalba ko tsohuwar allura cikin ledar shara ba tare da ta naɗe ba, hannun ɗayansu ne zai fara cin karo da ita, kuma galibi yaro ne.

A 2020 Bankin Duniya ya amince da rancen dalar Amurka miliyan 125 domin gyara sha'anin shara a Senegal, ciki har da rufe Mbeubeuss sannu a hankali. Mazauna Malika sun daɗe suna roƙon haka, kuma suna da gaskiya. Su kuwa masu tonon, buƙatarsu ita ce a ba su gurbi a sababbin wuraren tantance shara, tunda ba wanda ya fi su sanin aikin.